Gogamasu yana maganin makero, amma ba na kai ba

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba yaro lafiya.

Kin ce ɗanki ɗan shekara 6 ya fito da wasu zagaye-zagaye masu ƙaiƙayi, biyu a dantse, ɗaya a gefen wuya, ga kuma wani wuri a tsakar kai da gashin ya fara kakkaryewa yana yin fari-fari. An ce ki samo gogamasu ki goga masa, shi ne kike son jin ko yana yi da gaske, da yadda ake amfani da shi. To, ganyen nan na fi shekara 20 ina hulɗa da shi. Ya taɓa yi mini rana, ya taɓa ƙona ni, ya kuma taɓa cinye mini wata biyu a banza a kan 'yata. Na dantse zai iya yi. Na wuya sai da hattara. Na kai kuwa, don Allah kada ki ma fara, wannan na asibiti ne, kuma zan gaya miki dalili.

Amma mu fara tabbatar da cewa ganye ɗaya muke nufi, don sunan tsiro yakan sauya daga baki zuwa baki. Gogamasun da na sani ɗan haki ne gajere, da wuya ya wuce gwiwa. Da damina yake fitowa, a gefen gona, bakin hanya, ko kangon da ba a share ba, ya fi son ƙasa mai yashi-yashi. Ganyensa biyu-biyu ne suna kallon juna, karansa da ɗan gashi, sannan a kowace gaɓa akwai wani dunƙule kamar maɓallin riga, da fararen furanni 'yan mitsi-mitsi a kai. Masana tsirrai na kiransa Mitracarpus hirtus, a wasu wuraren za ki ga an rubuta scaber ko villosus, duk shi ne. Asalinsa daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, ya bazu Afirka da Asiya, kuma dangin bishiyar kofi ne, ko da yake in kin gan su ba za ki ce sun haɗa kaka ba. Wanda aka fi rikita shi da shi nonon kurciya ne, don shi ma yana da dunƙulen fure a hammatar ganye. Ki karya karan. In farin ruwa kamar madara ya fito, ba shi ba ne, ki yar.

Karon farko a jikina na yi, ina 'yar shekara 19. Ƙyasbi ya cika mini wuya da ƙirji, ɗigo-ɗigo kamar an watsa mini toka, ga lokacin 'yanmatanci, ko mayafi ba na son ya zame a gaban mutane. Wata gwaggona ta nuna mini ganyen, ta ce in murje in shafa. Iyakar abin da ta ce ke nan, tsakani da Allah. Sauran ni na ƙara wa kaina. Na ji “goga” a cikin sunan, sai na ɗauka ƙarfin hannu ne maganin. Na sa soso na dirje wurin har ya yi ja, na daka ganye cikin tafi guda, na lafta, na ɗaure da tsumma, na fita tsakar rana na ci gaba da wankina. Ba a yi minti 10 ba na ji kamar an ɗora mini garwashi. Na cije, wai zafin ne alamar yana aiki. Washegari wurin ya ɗuri ruwa ya yi bororo. Kwana uku, fatar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bayan mako ta fara saɓulewa, ni kuma sai murna, ga cuta tana fita. Ashe fatata ce ke fita. Ƙyasbin ya ɓace na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma ya bar mini baƙin tabo mai faɗin tafin hannu wanda ya kusa wata 8 kafin ya washe, kuma da zafi ya zagayo ƙyasbin ya dawo abinsa ya zauna a gefen tabon. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Masu binciken da suka tace ganyen sun samu sinadarai da dama a ciki, har da wani da ake kira psoralen. Halin wannan sinadari sananne ne: in ya hau fata, rana ta doke shi, fatar takan ƙone fiye da ƙima ta bar baƙin tabo. Danginsa ne ke cikin ɓawon lemun tsami, shi ya sa wasu kan ga bayan hannunsu ya yi dabbare-dabbare in sun matse shi a rana. Likitocin fata ma suna amfani da shi da gangan, tare da wata fitila ta musamman, amma da awo da agogo. Ni kuwa na haɗa masa fata ɗanya da na dirje, na rufe da tsumma ya jiƙu, na kai shi rana. Duk abin da ake cewa kada a yi sai da na yi.

Shi ƙyasbi ma tun farko ba irin cutar da ake “kashewa” sau ɗaya a huta ba ne. Ƙwayar da ke kawo shi, Malassezia, tana zaune a fatar kowa, ni da ke da wanda bai taɓa yin ƙyasbi ba. Zafi da gumi da maiƙon jiki ne ke sa ta yi yawa, shi ya sa ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma shi ya sa yake dawowa. Ko bayan an ci ƙarfinta, launin fatar yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. A nan mutane ke faɗawa rami: su ga farin bai tafi ba, su ce magani bai yi ba, su ƙara lafta ganye a fatar da ta riga ta warke. Yanzu in nawa ya motsa, sabulun ruwa mai ketoconazole nake shafawa in bar shi 'yan mintuna in wanke. Gogamasu da wuyana mun yi hannun riga.

Inda ya yi mini rana shi ne a kan babban ɗana, yana ɗan shekara 11. Makero ne sak a cinya: zobe mai faɗin murfin kwalba, bakinsa ya ɗan tashi da ɓawo-ɓawo da 'yan ƙuraje, tsakiyarsa kuma ta fi lafiya, kamar cutar tana gudu waje tana barin baya. Wannan siffar ita ce makero. Ƙwayarsa dangin fumfuna ce, tana cin saman fata, kuma a bakin zoben take da rai. Wannan karon na yi hankali. Na tsinko ganye daga wurin da na tabbatar ba a fesa maganin ciyawa ba, nesa da kwata da inda dabbobi ke fitsari. Na wanke shi tas, na murje 'yan ganye kamar 10 da hannu mai tsabta har koren ruwan ya fito. Kafin in taɓa makeron sai na ɗiga kaɗan a cikin dantsensa, wajen lanƙwasar gwiwar hannu, na bar shi kwana ɗaya cur in ga ko zai yi ja ko kumburi. Da na ga lafiya, sai na riƙa dangwala ruwan da auduga a bakin zoben, in ɗan wuce shi kaɗan, bayan rana ta faɗi, sau ɗaya a rana. Ruwan kawai, ba tuƙar ba. Ba dirza, ba ɗauri. Da safe ya yi wanka ya wanke. Yakan ce yana ɗan yi masa raɗaɗi na minti biyu ko uku ya daina. A kwana na 4 susar ta ragu. Wajen kwana 10 bakin zoben ya kwanta. Ban tsaya ba, na ci gaba har mako huɗu suka cika, don saman fata yakan ɗauki kusan mako huɗu kafin ya sabunta, kuma makero ya iya lamɓo: ido ya ga ya tafi, alhali yana nan. Bai dawo ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin an gwada ruwan ganyen a ɗakunan bincike an ga yana hana ƙwayoyin makero yaɗuwa a cikin faranti. Kakanninmu ba wauta suka yi ba. Sai dai faranti daban, fatar yaro daban, kuma ganyen da kika tsinka yau ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na jibi ba. Wanda ya fito a inuwa da wanda ya sha rana, ɗanye sharaf da wanda ya tsufa ya yi iri, kowanne da nasa. Man shafawa irin su clotrimazole ko terbinafine aƙalla kin san ƙarfinsa ɗaya ne daga farkon bututu har ƙarshe, kuma aikin da ganyen ya yi wa ɗana su ma suna yin sa cikin mako biyu zuwa huɗu ba tare da ƙuna ba. In da su a kusa, ni su zan fara ɗauka. Ganyen na ranar da babu ne.

To, waccan nasarar ita ta rufe mini ido a kan 'yata. Tana 'yar shekara 5 na ga wani wuri a kanta lokacin da nake taje mata gashi, kamar faɗin babban yatsa, ya yi furfura-furfura da garin amosani, gashin wurin ya gutsuttsure gajeru-gajeru. Ƙora ce. Na ce ai na san maganinta. Kullum da daddare in zaunar da ita tsakanin ƙafafuna in dangwala mata ruwan gogamasu, tana mutsu-mutsu tana cewa Mama zafi. Saman wurin yakan yi kamar ya yi kyau, garin ya ragu, sai in ƙara ƙaimi. Ana haka na biyu ya fito bayan kunne. Na ce wannan sabo ne, shi ma na haɗa. Wata biyu muna wannan wahala. Wata safiya na tarar na farkon ya kumbura ya yi tudu, lugub-lugub kamar soso, in an danna sai ruwa da mugunya su fito ta ƙofofin gashi, ga kaluluwa a bayan wuyanta. Matashin da ta kwana a kai duk ya ɓaci. Ranar ban ko karya ba muka tafi asibiti.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ciro gashi ɗaya daga gefen wurin, ya fito ba gardama, ta nuna mini. Ta ce a jiki ƙwayar a saman fata take, abin shafawa yana isa gare ta. A kai kuwa takan bi ramin gashi ta shige cikin silin kansa, inda ruwan ganye ko man shafawa, kome tsadarsa, ba ya kaiwa. Sai maganin sha, wanda jini zai kai shi saiwar gashin, sabon gashi ya tsiro da maganin a jikinsa. Ta rubuta mana griseofulvin daidai nauyin yarinyar na mako 8, ta ce a riƙa ba ta bayan ta ci abu mai maiƙo don ya fi shiga jiki, ta haɗa da sabulun wanke kai don rage yaɗa wa sauran yara. Tsohon magani ne, tun wajen 1958 ake ba mutane shi, ba wani sabon abu ba ne da za a ce ana gwaji da 'ya'yanmu. Wani likitan terbinafine na sha yake bayarwa, ya danganta da irin ƙwayar. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau akwai ɗan wuri a tsakar kanta da gashin bai cika ba, sai an karkata tsaga ake rufe shi. Duk ranar da na taje mata kai sai na gan shi. Irin wancan kumburin in ya daɗe yakan kashe saiwar gashi, wurin ya zama sanƙo har abada. Mu da sauƙi muka tsira.

Shi ya sa da na karanta cewa gashin ɗanki ya fara kakkaryewa gabana ya faɗi. Kuma ga wani abu da zai rage miki aiki: maganin shan da za a ba shi don kai, shi ne dai zai bi jini ya share na dantsen da na wuyan. Ke nan a halin da yaronki yake ciki, ba ki ma buƙatar gogamasun. Jifa ɗaya, tsuntsu uku. Ki kai shi a duba kan tun bai kumbura ba, kuma kada ki shafa kome a wurin kwana biyu kafin ku je, don in sun so kankaro ɗan gari su duba a madubin likita su samu abin dubawa.

Akwai abin da na fi jin tsoro ma fiye da ganyen, don na san da zarar an ga yaro da zobe a jiki za a samu mai miƙo miki shi: man shafawar nan da ake cewa yana maganin kome da kome, ƙaiƙayi, ƙuraje, makero, har da hasken fata. Ki juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun. In kin ga clobetasol, betamethasone ko dexamethasone, ki ajiye. Sitiroid ne, wato maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Cikin kwana biyu zai kashe ƙaiƙayin, jan ya kwanta, ki ce kin samu magani, alhali garkuwar fatar ya kwantar, ƙwayar kuma tana ta faɗaɗa gonarta a ƙasa. Ranar da kika daina sai makeron ya dawo ya ninka, siffar zoben ma ta ɓace, likita ya sha wuyar gane shi. A Indiya yawan shafa irin waɗannan haɗe-haɗen na cikin abin da likitoci ke ɗora wa alhakin ɓullar wani makero mai taurin kai, wanda aka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a 2020. Terbinafine ma yakan gaza a kansa, kuma ya riga ya tsallaka ƙasashe da yawa. Gogamasu in ya yi ɓarna a fili yake yi, ki gani ki daina. Wannan kuwa yana miki murmushi yana cin ki.

Tunda wasu ma za su so gwada ganyen a jikinsu, bari in ƙara da cewa ba duk ƙaiƙayi ne makero ba, kuma mafi yawan waɗanda na ga gogamasu ya “ƙi yi musu” cutar ce tun asali ba tasa ba. In susar ta fi tsanani da dare, tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata da ƙugu, kuma mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna yi, wannan ƙazwa ce. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata yana ƙwai. Maganinta irin su permethrin ko benzyl benzoate, a shafe jiki duka, kowa da kowa a gidan rana ɗaya, a maimaita bayan kwana 7, a wanke shimfiɗa da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. In kuma fatar bushewa take tana tsattsagewa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ta tafi ta dawo, musamman a gidan da ake da asma, wannan fata ce mai saurin fushi, maiƙo take so da lallashi. Ki sa mata gogamasu, kin zuba wa wuta fetur.

Na ukun shi ne wanda ba a son faɗa. Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, ya daɗe bai motsa ba. A sa mutum ya rufe ido, a shafa masa silin auduga a kan tabon da kuma gefensa. In yana jin na gefe ba ya jin na kan tabon, a tafi asibiti a ranar, domin haka kuturta take sallama. Tana warkewa sarai da maganin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganin kyauta. Abin da ke nakasa mutum shi ne shekarun da ya ɓata yana shafa ganye yana cewa ƙyasbi ne. Haka babban da makero ke yawan dawo masa a matsematsi ko tsakanin yatsun ƙafa, ya auna sukarinsa.

Wanda ya tabbatar makero ne a jiki, babba ne ko yaron da ya tasa, wuri ɗaya ko biyu, kuma ganyen ne kaɗai a hannunsa, ya bi yadda na yi wa ɗana. Ban da fuska, ban da kusa da ido, ban da al'aura da matsematsi, ban da jariri, ban da fatar da ta fashe ko take ruwa. Kada a haɗa shi da wani abu mai zafi wai don ya fi ci, na ga wadda ta haɗa da toka da kananzir, ba na son tuna yadda ƙafar ta koma. Kada a kankare wurin da reza. In ya yi bororo ko zafin ya wuce 'yan mintuna, a wanke da ruwa mai yawa a bar shi. In an yi mako biyu zoben bai fasa faɗaɗa ba, ganyen ya gaza, a nemi likita. Dabarar da nake yi don kada ido ya yaudare ni: ranar farko in ɗauki hoton wurin da waya, da murfin kwalba a gefensa, in sake ɗauka duk bayan kwana uku.

Kafin ku je asibitin, ki ware masa matajinsa, tawul ɗinsa, hularsa da rigar matashinsa, kada ƙannensa su taɓa. Ki wanke mataji da burushi da ruwan zafi da sabulu. In aski ake kai shi, ki dakata, ko ki saya masa injinsa shi kaɗai, don injin da ya bi kawuna goma ba a tsabtace shi ba babbar hanyar ƙora ce. Ki zaunar da sauran yaran a haske ki buɗa gashinsu layi-layi, wani yana ɗauke da ita ba alama sai ɗan amosani. Ki yanke masa farce, don da susa yake kwasowa daga kai ya kai dantse, wataƙila ma haka na wuyan ya samu.

In kuma kuna da kyanwa, ki ɗaga ta ki duba kunnuwanta da fuskarta da ƙafafun gaba. Mu sai da aka gama maganin 'yata, ƙanenta ya fito da zobe a kumatu, sannan na lura 'yar kyanwar da suke kwana da ita tana da wani ɗan wuri a gindin kunne da gashi ya zube. Ita ma sai da likitan dabbobi ya ba ta nata na makonni, sannan abin ya bar mana gida.